Shin Kowace Masifa Daga Aljanu Take? Amsa Ga Wata Uwa Da Aka Ce Wa Surukarta Mayya Ce

Wata 'yar'uwa ta aiko da tambaya, ga taƙaicenta. Ɗanta mai shekara tara yana faɗuwa yana kumfar baki tun bara, mijinta kuma ya rasa aiki a wannan tsakani. Wani mai addu'a da aka kai su wurinsa ya ce uwar mijin ce ta kama kurwar yaron, ya ƙara da cewa akwai la'ana a zuriyar domin kakan mijin mai tsafi ne, sa'an nan ya nemi kuɗin man shafewa da na addu'ar kwana bakwai. Tana so ta san abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar game da Shaiɗan da aljanu, da yadda mai bi zai yi yaƙi da su, da kuma ko ya halatta su raba gida da tsohuwar.

'Yar'uwata cikin Almasihu, sannu da jinya, Ubangiji ya ba yaron nan lafiya. Zan fara da abin da mai addu'ar ya faɗa daidai, domin ba zan ce miki babu Shaiɗan ba, ba kuwa zan ce aljanu tatsuniya ne ba. Yesu da kansa ya yi kwana arba'in a jeji Iblis yana gwada shi, ya fitar da aljanu a majami'ar Kafarnahum da ƙasar Garasinawa, ya kuma koya wa almajiransa su roƙi Uba ya cece su daga Mugun. Wanda ya karanta Bisharar Markus da gaskiya ba zai iya share waɗannan abubuwa daga cikinta ba. Kuskuren mai addu'ar yana wani wuri dabam: ya ba Shaiɗan girman da Littafi Mai Tsarki bai ba shi ba, ya kuma ɗora wa wata baiwar Allah laifin da Littafin bai ba kowa izinin ɗora wa mutum ba sai da shaida.

Ya kamata mu daidaita kalmomi tukuna, domin a nan ruɗani yakan fara. Da aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa, masu fassara sun ɗauki kalmomin da Bahaushe ya riga ya sani, wato Shaiɗan da Iblis da aljani, domin babu yadda za a yi wa mutum magana sai da harshensa. Amma kowace kalma takan zo da kayanta. A tunanin Bahaushe na gargajiya akwai farin aljani da baƙin aljani, akwai iskokin da ake lallashi da turare da yanka, akwai waɗanda ake cewa sun auri mace ko sun zauna a tsamiya da kuka. Ruhohin da Sabon Alkawari yake kira aljanu ko ƙazaman ruhohi ba haka suke ba: babu nagari a cikinsu, ba a yin sulhu da su, ba a ba su hadaya domin su kwanta, kuma babu inda aka nuna wani ɗan'adam yana riƙe da linzaminsu yana aikensu inda ya ga dama. Idan mai bi ya karanta kalmar aljani a Bishara ya cika ta da abin da ya ji a bakin kakarsa, zai fito da koyarwar da rabinta Littafi ne, rabinta kuwa bori.

Kalmar Shaiɗan kuwa asalinta a Ibrananci tana nufin abokin gaba ko mai ƙara, kamar wanda yake tsayawa a gaban alƙali yana tuhumar wani. Ba suna ba ce tun farko, shi ya sa a Littafin Ƙidaya sura 22 aka yi amfani da ita ga mala'ikan Ubangiji da ya tare wa Bal'amu hanya. A dukan Tsohon Alkawari, da girmansa, wurare uku ne kawai Shaiɗan ya fito a fili a matsayin wannan maƙiyi: farkon littafin Ayuba, Zakariya sura 3, da 1 Tarihi 21. Wannan ƙarancin ma darasi ne, domin Isra'ilawa sun zauna a tsakiyar al'ummai masu tsoron iskoki dare da rana, amma annabawansu sun cika baki da maganar Allah da zunubin mutum, ba da maganar Shaiɗan ba. Ko surorin da aka saba karantawa a kan faɗuwarsa, wato Ishaya 14 da Ezekiyel 28, da farko an yi su ne a kan sarkin Babila da sarkin Taya, sunan Lusifa kuma ya shigo ne daga fassarar Latin da malamin ikkilisiya Jerom ya yi wajen shekara ta 400, inda yake nufin tauraron asuba. Abin da ya tabbata daga Kolosiyawa 1:16 da Yahuza 6 da 2 Bitrus 2:4 shi ne, waɗannan ruhohi halittu ne, Allah ya yi su da kyau, su ne suka tayar. Ba kishiyar Allah ba ne Shaiɗan, ba ya ko'ina a lokaci ɗaya, bai san kome da kome ba. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da take Aljeriya a yau, ya yi shekara tara cikin addinin Mani da ke koyar da cewa haske da duhu ikoki biyu ne masu kokawa tun fil'azal, ya fita daga ciki ya rubuta cewa mugunta ba ta da tushen kanta, lalacewar abu mai kyau ce kawai, kamar yadda ruɓa ba ta samuwa sai a jikin abin da yake da lafiya a dā. Ina jin tsoro cewa wa'azi da yawa da ake yi a yau ya fi kusa da abin da Agustin ya baro fiye da abin da ya samu.

Ki zauna ki karanta surori biyu na farkon Ayuba a hankali, domin sun yi kama da halin da gidanku yake ciki. Mutum ne mai tumaki 7,000 da raƙuma 3,000 da 'ya'ya goma, ya rasa su duka a rana ɗaya, daga baya jikinsa ya cika da miyaku. Shaiɗan yana da hannu a ciki, wannan babu shakka, amma sau biyu sai da ya nemi izini, sau biyu kuma aka yanka masa iyaka: da farko kada ya taɓa jikin Ayuba, daga baya kada ya taɓa ransa. Masifar ma ta zo ne ta hanyoyin da aka sani, mahara daga Sabiyawa da Kaldiyawa, da wuta, da guguwa. Abin da ya fi ba ni mamaki kullum shi ne, bayan sura ta biyu ba a sake ambaton Shaiɗan ba har littafin ya ƙare a sura ta 42. Ayuba bai yi ta ɗaure shi ba, bai nemi wanda ya yi masa sammu ba, da Allah ya yi ta kuka da gardama. Waɗanda Allah ya yi fushi da su a ƙarshe kuwa su ne abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, mutanen da suka zo da cikakken bayani a kan dalilin wahalarsa. Sun tabbata sun san sirrin, Allah kuwa ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba.

Yanzu ga batun ciwon yaron, inda ya kamata in yi miki adalci in kawo ayar da ta fi goyon bayan mai addu'ar. A Markus sura 9 an kawo wa Yesu wani yaro da ke faɗuwa yana kumfa yana cizon haƙora, wani lokaci cikin wuta, wani lokaci cikin ruwa, Yesu kuwa ya tsawata wa ƙazamin ruhu ya fita. Saboda haka ba zan ce aljani ba ya iya sa irin wannan ba. Amma Matiyu 4:24, da yake lissafta waɗanda aka kawo wa Yesu, ya ambaci masu aljanu dabam, masu farfaɗiya dabam, shanyayyu dabam, wato marubutan Bishara sun san ba kowace farfaɗiya ce aljani ba. Haka ma a Markus 7 Yesu ya warkar da kurma mai i'ina ta wurin taɓa kunnensa da harshensa, ba a ambaci ruhu ko ɗaya ba, alhali a sura ta 9 kurumtar daga ruhu take. Alama iri ɗaya, sanadi dabam. Manzo Bulus, wanda ya fitar da ruhun duba daga wata baiwa a Filibi da kalma ɗaya, shi ne ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya, shi ne ya shawarci Timoti ya riƙa shan ruwan inabi kaɗan saboda ciwon cikinsa, shi ne kuma yake yawo da Luka yana kiransa ƙaunataccen likita. Da kowane ciwo aljani ne, da Bulus ya tsawata wa cikin Timoti an huta.

Ga abin da nake so ki riƙe fiye da kome a cikin wannan amsa. Ki bincika Bisharu huɗu da Ayyukan Manzanni daga farko har ƙarshe, ba za ki sami wuri ɗaya ba inda Yesu ko wani manzo ya fitar da aljani ko ya warkar da marar lafiya sa'an nan ya nuna wani mutum ya ce shi ne ya turo. A labarin yaron nan na Markus 9, tambaya ɗaya Yesu ya yi wa uban, wato tun yaushe abin ya same shi, uban ya ce tun yana ƙarami. Bai tambayi wa suke zaune da shi a gida ba, bai tambayi ko akwai tsohuwa a dangi ba. Da almajirai suka ga makaho tun haihuwa a Yahaya sura 9 suka tambaya ko zunubinsa ne ko na iyayensa, Yesu ya ƙi duka biyun. Matar da ta yi shekara goma sha takwas a tanƙware, a Luka sura 13, Yesu ya faɗa a fili cewa Shaiɗan ne ya ɗaure ta, ya kwance ta, bai kuwa nemi wanda ya yi mata jifa ba. Ubangijin da ya san zuciyar kowa, wanda da ya ga dama da ya faɗi suna ba tare da kuskure ba, bai taɓa yin haka ba. Mutumin da ya yi abin da Yesu bai yi ba, ya kuma ce da sunan Yesu yake yi, ya kamata a tambaye shi a ina ya koyo. Ni dai na san inda aka saba yin haka: aikin boka ne tun kafin bishara ta iso ƙasarmu, a kawo masa marar lafiya ya duba ya ce wance ce ta kama kurwarsa, a je a sa ta tsallaka shi. An ajiye ƙwarya da kuɗin wuri an ɗauki kwalbar mai, amma aikin bai canja ba.

Za a ce miki ai Fitowa 22:18 ta ce kada a bar mai sihiri da rai. Gaskiya ne ayar tana nan, kuma Maimaitawar Shari'a 18 ta haramta duba da sihiri da neman shawarar matattu. Sai dai abin da waɗannan ayoyi suke magana a kai sana'a ce da mutum yake yi da saninsa, ana zuwa wurinsa ana biyansa, kamar matar Endor da Saul ya je wurinta da dare. Maitar da Bahaushe yake nufi, wadda ake cewa ana sha a nono ko ana haɗiyar ƙanƙara, mutum ya ci kurwar wani ba tare da ya taɓa shi ba, babu ita a Littafi Mai Tsarki ko da aya ɗaya. Shari'ar Musa ɗin nan kuma ita ce ta ce ba a hukunta kowa sai da shaidu biyu ko uku, ta ce alƙalai su bincika sosai, idan kuwa aka sami mai ƙara da ƙarya a yi masa abin da ya so a yi wa ɗan'uwansa, kamar yadda yake a Maimaitawar Shari'a 19. Mafarki ba shaida ba ne, wahayi ba shaida ba ne, maganar da marar lafiya ya yi cikin zafin zazzaɓi ko wadda aka matsa wa yaro ya faɗa ba shaida ba ce. A Sabon Alkawari kuwa, da Bitrus ya gamu da Siman mai sihiri a Samariya, tuba ya kira shi ya yi, a Afisa kuma waɗanda suka tuba da kansu suka kawo littattafan sihirinsu, da kuɗinsu ya kai azurfa 50,000, aka ƙone. Littattafai aka ƙone, ba mutane ba. Ikkilisiya ta daɗe da sanin haɗarin wannan abu, har majalisar da aka yi a Paderborn ta ƙasar Jamus a shekara ta 785 ta yanke hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya ƙone mutum da zargin maita, ko da yake Turai ta manta da wannan daga baya ta kashe dubban mutane, yawancinsu mata. A arewacin Gana har yau akwai sansanin Gambaga, inda tsofaffin mata da aka kora daga gidajensu suke zaune, a jihar Akwa Ibom kuma sai da aka kafa doka a 2008 domin hana laƙa wa yara maita. A lura da waɗanda zargin yake faɗa wa a ko'ina: gwauruwa, tsohuwar da ƙarfinta ya ƙare, maraya, wanda ba shi da mai tsaya masa. Su ne ainihin waɗanda Yakubu 1:27 ta ce kula da su shi ne addini mai tsarki.

Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Sunan Iblis a Helenanci yana nufin mai yanke ko mai ɓata suna, Wahayin Yahaya 12:10 ta kira shi mai ƙarar 'yan'uwa dare da rana, Yesu kuma a Yahaya 8:44 ya ce shi maƙaryaci ne, mai kisankai tun farko. To, idan kina so ki ga sawun Shaiɗan a gidanku, ki dubi abin da ya faru tun ranar da kuka dawo daga wurin mai addu'ar. Yaro bai warke ba, amma yanzu akwai ɗa da yake kallon mahaifiyarsa da tsoro, akwai suruka da ba a cin abincin da ta taɓa, akwai jika da ake janyewa daga kakarsa. Ƙarya da zargi da rabuwar gida, waɗannan su ne aikin da Littafi ya ce nasa ne.

Batun la'anar kakanni ba zai ɗauke mu lokaci ba. Fitowa 20:5 ta yi maganar hukunci har tsara ta uku da ta huɗu, amma na waɗanda suke ƙin Allah ne, aya ta gaba kuma ta yi alkawarin jinƙai ga dubbai. Da mutanen Yahuza suka mai da wannan karin magana, suna cewa iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami haƙoran 'ya'ya suka mutu, Allah ya hana su faɗar haka ta bakin Ezekiyel a sura 18, ya ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Galatiyawa 3:13 ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'ana da ya zama la'ana dominmu. Yawancin masu bi na farko a Afisa da Koranti 'ya'yan matsafa ne, kamar yadda kakannin yawancinmu suke, amma babu wasiƙar da Bulus ya umarce su su je a karya musu la'anar zuriya. Akwai abin da ake gada da gaske, kamar talauci da mugun hali da aka koya a gida da cututtukan jini. Na sha ganin gidan da 'ya'ya suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya ana cewa wabi ne ko la'ana, alhali uba da uwa duka masu rukunin jini AS ne, wanda a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai amosanin jini. Gwaji kafin aure ne maganin wannan, ba man shafewa ba.

To mene ne yaƙin ruhaniya, idan ba wannan ba? Nassin da kowa yake ambata shi ne Afisawa 6:10-18, kuma yana da kyau a tuna wa aka rubuta wa. Afisa birni ne da ya shahara da haikalin gunkiya Artimas da layu da rubutun sihiri, mutanensa sun san tsoron iskoki fiye da mu. Ga waɗannan mutane Bulus ya fara da cewa an ta da Almasihu an zaunar da shi can bisa kowace sarauta da iko, sa'an nan a ƙarshen wasiƙar ya ce kokawarmu ba da nama da jini take ba. Wannan jimla kaɗai ta isa ta fitar da surukarki daga cikin maganar, domin ita nama da jini ce. Umarnin da ya yi ta maimaitawa kuwa shi ne a tsaya, a dage, ba a fita farautar aljanu ba, domin an riga an ci yaƙin a kan gicciye, inda Kolosiyawa 2:15 ta ce Almasihu ya tuɓe wa ikoki makamansu ya kunyata su a fili. Makaman da ya lissafta, waɗanda ya ɗauko yawancinsu daga Ishaya, su ne gaskiya da adalci da bisharar salama da bangaskiya da ceto da Maganar Allah da addu'a. Babu mai, babu gishiri, babu ruwan da aka yi wa addu'a ana sayarwa. A cikin wasiƙar Afisawa dai, inda Bulus ya ce kada a ba Iblis ƙofa, a 4:26-27, maganar fushin da ya kwana yake yi, a 2 Korantiyawa 2 kuma dabarar Shaiɗan da ya gargaɗi ikkilisiya a kai ita ce ƙin gafarta wa ɗan'uwa. Yakubu ya ce a yi biyayya ga Allah, a yi tsayayya da Iblis, zai gudu, amma kafin ya kai nan sai da ya ce faɗace-faɗacenmu daga sha'awace-sha'awacen zuciyarmu suke fitowa. Laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani, kuma ya fi sauƙi a kwana ana ihu a kan maƙiyan gida da a je a nemi gafarar wanda aka ɓata wa.

Addu'ar da ake yi ana kiran wuta ta cinye maƙiyi, ko a ce abin ya koma kan wanda ya aiko, ba ta da gurbi a nan. Da Yakubu da Yahaya suka so su kira wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa, Yesu ya juya ya tsawata musu, Romawa 12 kuma ta ce mu sa wa masu tsananta mana albarka, kada mu la'anta. Ko da a ce wani ya yi muku sammu da gaske, abin da aka umarce ku ke nan. Karin Magana 26:2 ta ce la'anar da ba ta da dalili ba ta sauka, 1 Yahaya 4:4 kuma ta ce wanda yake cikinku ya fi wanda yake cikin duniya girma. Wannan ba alkawari ba ne cewa mai bi ba zai sha wahala ba, domin Bulus da kansa ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ya kira manzon Shaiɗan, aka amsa masa cewa alheri ya ishe shi. Alkawarin shi ne na Romawa 8, cewa babu mala'ika ko iko da zai iya raba mu da ƙaunar Allah.

Fitar da aljanu yana nan a cikin hidimar ikkilisiya, ban kuwa ce ya ƙare ba. Amma ki kwatanta yadda Yesu ya yi da abin da ake yi yanzu. Da kalma yake fitar da su, cikin ɗan lokaci, yana hana su magana, sau ɗaya tak aka rubuta ya tambayi suna, bai taɓa dukan marar lafiya ko ɗaure shi ba, mutumin Garasinawa ma da mutanen gari suka yi ta ɗaurewa da sarƙa, Yesu ya bar shi a zaune, saye da tufafi, cikin hankalinsa. Karɓar bayani daga bakin aljani a kan wanda ya aiko shi kuwa, karɓar shaida ce daga uban ƙarya. Kuɗi ma ba ya shiga: Yesu ya ce kyauta kuka samu, kyauta za ku bayar, wanda ya so ya haɗa ikon Allah da kuɗi a Ayyukan Manzanni 8 kuwa ya ji magana mai zafi daga bakin Bitrus. 'Ya'ya bakwai na wani babban firist na Yahudawa mai suna Siba, a sura 19, da suka mai da sunan Yesu kamar laya, tsirara suka gudu da raunuka. Saboda irin wannan ne ikkilisiya tun dā ta sa wa aikin linzami, majalisar Lawudikiya a ƙarni na huɗu ta hana kowa yinsa sai wanda bishop ya naɗa, ikkilisiyar Katolika kuma har yau ba ta yarda firist ya yi ba sai da izinin bishop, bayan an bincika ko ciwo ne na jiki ko na ƙwaƙwalwa.

Game da yaron, ku kai shi asibiti a wannan mako, wurin likitan yara ko na ƙwaƙwalwa, ku faɗi tarihin kome: ko haihuwarsa ta zo da wahala, ko ya taɓa yin sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko ya taɓa buguwa a kai, domin waɗannan suna cikin sanannun sanadin farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu wannan ciwo za su iya daina faɗuwa idan sun sami magani daidai, sai dai maganin kullum ake shansa, kuma dainawa farat ɗaya, ko da wani ya ce an sami warkarwa, tana iya jawo faɗuwar da ta fi ta dā muni. Idan ya faɗi, a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa wani abu a baki, a nisanta shi da wuta da rijiya, idan kuma jijjigar ta wuce minti biyar a garzaya da shi asibiti. Yawunsa ba ya yaɗa ciwon, kada a hana shi makaranta ko cin abinci da 'yan'uwansa. Zuwa asibiti ba ƙarancin bangaskiya ba ne, waɗanda suka kawo mana bishara su ne suka gina asibitocin Wusasa da Vom da Garkida da Galmi, suna addu'a suna ba da magani a rana ɗaya. Ku kira faston ikkilisiyarku da dattawa su yi masa addu'a kamar yadda Yakubu 5:14 ta ce, a gida, cikin natsuwa, ba tare da an tsorata shi ba.

Surukarki kuwa, kada ku raba gida da ita a kan wannan magana. Ki fara zama da maigidanki ku biyu, ku karanta Markus 9 da Afisawa 6 tare, domin nauyin girmama mahaifiya a wuyansa yake, kuma shi ya fi kowa shiga tsaka mai wuya. Idan zancen ya riga ya kai kunnenta ko ya fita unguwa, ku je tare da fasto ko wani dattijo ku nemi gafararta, a kuma sanar da dangin da suka ji cewa kun janye maganar, tun kafin wani matashi mai zafin kai ya ɗauki doka a hannunsa. Ranar da dattawa za su zo yi wa yaron addu'a, ku sa ta zauna kusa da jikanta, ta ɗora masa hannu tare da ku.